Ruwan da Na Riƙa Ba Mutuwa a Cikin Kabad

'Yan'uwana na zumuntarmu ta Camberwell, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda aka kai kabari a ɗauke ya fito da ƙafafunsa.

Sunana Saratu. Yawancinku da Malama kuka san ni. Mama Hannatu, shugabar matanmu, ta ce in tsaya a gabanku in faɗi wannan da bakina. Na roƙe ta ta bar ni in rubuta a takardar zumunta, domin in na fara da baki muryata za ta tashi, kuma ɗakin da muke sujada a ciki na haya ne. Har yanzu ina cikin fushi. Na yi addu'a a kansa bai tafi ba, sai na bar shi ya zauna ya taya ni rubutu.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a gida. Da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, sai aka tuna akwai malamai a ƙasar, aka turo ni London ƙaro ilimi na shekara biyu. Na bar mijina, Malam Bitrus, da 'yarmu Tabita mai shekara shida. Ita kaɗai gare mu. Uku muka binne kafin ita, duk ba su kai yaye ba.

Garinmu ba waya. Wasiƙa takan yi mako biyu a hanya, wani lokaci uku. In Malam Bitrus ya rubuta cewa Tabita tana lafiya, abin da na sani ke nan shi ne tana lafiya mako biyu da suka wuce. Na yau kuwa sai Allah. Duk uwar da ke cikinku ta san wannan ramin.

A gidan da nake haya, ɗakin da ke kallon nawa na wata dattijuwa ne 'yar ƙasar Meziko, sunanta Amparo. Tela ce, tana ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo kaya a wani gidan wasa a Aldwych, kusa da inda nake karatu, don haka bas ɗaya muke shiga da safe. Turancinta guntu-guntu, nawa na littafi, amma barkono ya haɗa mu. Ita kaɗai ce a gidan ba ta buɗe taga tana tari in na soya attarugu. Da sanyin farko ya kwantar da ni, ita ta yi jinyata kwana biyar, tana ba ni romo da cokali. Na faɗi wannan ne don kada wani ya gama karantawa ya zage ta. Ba da Mama Amparo nake fushi ba.

Wata Lahadi na dawo daga sujada ke nan ta ƙwanƙwasa ƙofata, rungume da kwali. Ƙanwarta ba lafiya a gida, za ta je ta duba ta, wata uku.

Ta ce, "Malama, ki ajiye mini uwar ɗakina."

Na ɗauka hoto ne. Ta buɗe kwalin. Ƙwarangwal ne na itace, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, an sa masa farar riga da mayafi irin na amare, ɗinkin hannu wanda ni ban taɓa sa irinsa a jikina ba. A hannu ɗaya lauje, a ɗayan ƙwallon duniya. A wuya kuma carbi irin na 'yan Katolika.

Ta ce sunanta Santa Muerte, wato Mutuwa Mai Tsarki, amma ba a cika kiran sunan ba. A gidansu Farar Yarinya suke ce mata, in ana wasa da ita kuma a ce Siririya. Kakarta ta bar wa uwarta, uwarta ta bar mata. Tun kafin Turawa su kai musu coci, mutanensu suna da sarauniyar ƙasar matattu. Da limaman coci suka hana, sai aka sa mata rigar waliyyai aka ci gaba a cikin ɗaki. Ana fara neman izinin Allah, a yi Addu'ar Ubangiji, sannan a juyo a yi magana da ita. Ba za ta iya tafiya da ita ba, domin mijin ƙanwar ma'aikacin coci ne, in ya gan ta wuta zai sa mata.

Na ce, "Mama, duk waliyyan da kuke da su, sai Mutuwa?"

Ta yi dariya. "Waliyyai sai kin yi wanka kin gyara halinki kafin su dube ki. Ita kuwa ba ta zaɓe. Shugaban ƙasa, mai wanki, kowa nata ne." Sannan ta kama hannuna. "Ruwa kawai, Malama. Kofi ɗaya, kowace Litinin. Tafiyarta da nisa, tana jin ƙishi. Tana da kirki, amma ba ta son a manta da ita."

Ku da kuka fito daga inda na fito kun san abin da ya ɗaure mini baki. A wurinmu ba a ce wa wanda ya yi jinyarka a'a a kan ajiya. Ubana mai bishara ne. Shi ya tara kayan tsafin unguwarmu ya cinna musu wuta ina 'yar shekara bakwai ina kallo. Shi ɗin ne kuma ya riƙe wa wani makiyayi tunkiya shekara huɗu, har mutumin ya dawo ya same ta da 'ya'ya da jikoki. Darasi biyu na ɗauka daga wurinsa, ran nan suka yi karo a bakin ƙofata, sai na zaɓi wanda ba zai ba ni kunya a gaban maƙwabciya ba.

Boko kuma ya taimaka. Na je laburare na karanta babi biyu a kan al'amarin, na dawo da ƙafafu masu ƙarfi. Mai ilimi ai ba ya bautar gunki, girmama al'adun wasu yake yi. Itace ne. In an bar maka tukunyar fure ba za ka ba ta ruwa ba? Na sa ta a cikin kabad ɗin kayana, tsakanin takalma da akwati, na ajiye kofi a gabanta.

Litinin biyar ban fasa ba. Ta shida ina da jarrabawa, na manta. Sai ran Laraba na tuna, na yi dariya, na cika kofin.

Bayan kwana goma sha shida wasiƙar Malam Bitrus ta iso. Ya ce ran Litinin zazzaɓi ya kama Tabita har idanunta suka juye, ya goya ta a babur zuwa asibitin mishan. Ran Laraba jikin ya sauka.

Na ɗauko kalanda da jan biro, irin wanda nake yi wa ɗalibai maki da shi. Litinin ɗin ce. Larabar ce.

Na san damina ce a gida. Na san babu yaron da zazzaɓin sauro ba ya kayarwa a wannan lokacin. Da ɗalibata ce ta kawo mini wannan lissafi a matsayin hujja, da na rubuta mata "ki zo ki same ni" a ƙasan takardar. Amma ba ɗalibata ba ce ta binne uku.

Daga ranar na shiga bauta. Ba ni da wata kalma mai laushi da zan sa a wurin.

Kun tuna zafin da aka yi bara, lokacin da ciyawar wuraren shaƙatawa ta ƙone, Turawa suna ta roƙon juna a rage wanka. Ruwan kofin ya riƙa sauka da sauri. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina zana wa 'yan mata yadda zafi ke mai da ruwa tururi, da kibiyoyi da alli mai launi, sai ga ni tsaye a gaban kabad ina cewa a raina, yau ta sha da yawa, me take nufi? Litinin ta koma kullum. Kullum ta koma safe da yamma.

Wata uku ya cika, maimakon Mama Amparo sai kati ya zo. Jikin ƙanwar ya tsananta, ba ta san ranar dawowa ba. A ƙasa ta ƙara cewa Siririya tana son tuffa ja, tana kuma son a busa mata hayaƙin taba a fuska. Na sayi tuffa. Na je kantin kwanar titinmu, ni 'yar mai bishara, na sayi kwalin taba ina kallon ƙasa kamar mai sayen guba. Na kunna, na zuƙa, na yi tari har hawaye, na busa wa itace.

Na daina cin Jibin Ubangiji a wurin sujada, na ce muku ciwon ciki ne. Da matan zumunta suka shirya fita ta kwana uku bayan gari, na ce ina da aikin makaranta. Duk wasiƙar da ta zo da labarin lafiya, kafin in ce na gode Allah, idona ya riga ya je kan kabad.

Ga wanda ya fi ƙona mini rai. Na daina ambaton sunan Tabita a addu'a. Ban daina ba da gaskiya ba. Tsoro nake ji kada wadda ke cikin kabad ta ji ina kai 'yata wani wuri ta yi fushi. A ɗakina, da bakina, na riƙa ɓoye 'yata daga Yesu.

Wari ne ya tone ni. Wata Lahadi bayan an tashi, Mama Hannatu ta ja ni gefe. Waɗanda ba su san ta ba, nas ce a babban asibitin nan na unguwarmu, kuma hancinta ya fi na kowa aiki.

Ta ce, "Malama, taba kike sha?"

Na ce, "E, Mama." Na gwammace a ce ina shan taba.

Ta kama hannuna ta juya yatsun, ta duba haƙorana kamar mai sayen akuya. "Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba. Ran Asabar ina zuwa. Ki dafa shayi."

Ta zo da azahar. Ba ta ko zauna ba, ta bi warin har kabad ta buɗe. Ga kofi, ga tuffa, ga toka a faranti, ga amarya. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗinkin dai ya yi kyau."

Na ce, "Amana ce, Mama. Ta maƙwabciyata ce."

"Ajiya aka ba ki, ko aiki aka ɗauke ki?"

Na juya zan ɗora shayi.

"Tambayarki nake, Malama. Ke da ke tambayar 'ya'yan mutane kullum. In na ba ki ajiyar akwatina, za ki riƙa durƙusa masa?"

"Ban taɓa durƙusawa ba."

"To sannu da ƙoƙari." Ta ja kujera ta zauna tana fuskantar kabad ɗin. "Ni na san wannan matar. Shekara goma sha takwas muna aiki a ɗakin majinyata ɗaya. Ban taɓa ganin ta da farar riga ba. Ba ta shan ruwa, ba ta cin tuffa. Shigowa take ta bar mana zanin gado mu wanke da dangi mu rarrasa. Ɗauki kofin nan ki zubar."

Na ce, "Mama, in na daina, Tabita..."

"Ƙarasa."

"Za ta ɗauke ta."

"Yarinya 'yar shekara shida. A kan kofin ruwa." Ta dube ni. "Kuma ita ce aka ce miki mai kirki?"

A nan ne fushin ya zo, kuma bai tafi ba har yau. Wata biyar ina hidima wa abin da, a lissafina da kaina, ya sa wuƙa a wuyan 'yata yana jira in yi mantuwa. Da mutum ne ya yi mini haka, da na bi shi da taɓarya har ofishin 'yan sanda. Amma da yake an sa masa mayafi an rataya masa carbi, sai na riƙa wanke masa kofi.

Mama Hannatu ta durƙusa ta jawo ni ƙasa. Ta ce, "Ke za ki yi addu'ar. Ni amin kawai na kawo."

Ba addu'ar da za a koya wa yara ba ce. Faɗa na yi. Na ce, Ubangiji, uku ka bari aka ɗauka. Na yi maka waƙa a bakin kowane rami, ban tambaye ka ba, don an ce ba a tambaya. Yau ina tambaya. Ina kake? Ka bar mini ɗaya, ka sa teku tsakanina da ita, sannan ka ce kada in ji tsoro? Na faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba. Mama Hannatu ba ta tsayar da ni ba.

Da na gaji, sai wani abu ya sauka a zuciyata a hankali, ba murya ba, ba haske ba, sani kawai. Ukun nan ba a hannun Mutuwa suke ba. Ta dai kai su bakin ƙofa, iyakarta ke nan. Wanda ya shiga gidanta ya kwana ya fito da safe da makullin a hannunsa, shi ya karɓe su. Shekaru ina koya wa 'yan makarantar Lahadi wannan, ashe ban taɓa gwada tsayawa a kansa da nauyina duka ba.

Na ce, Yesu, ga Tabita. Na kira sunanta da ƙarfi, sau uku, a gaban kabad a buɗe. Na ce taka ce. Ko wasiƙa ta zo da me, taka ce, ni ma taka ce, kuma ba zan ƙara biyan kowa haraji a kanta ba. Mama Hannatu ta ce amin. Na tashi na zubar da ruwan a wurin wanke-wanke.

Ita so ta yi mu ƙone abin a bayan gida. Na ƙi. Na ce ba nawa ba ne. Mun yi gardama sosai, a ƙarshe ta ce, "Ku malamai, ko Shaiɗan sai kun ba shi rasit." Ran Litinin da safe na mai da shi kwalinsa na ɗaure da igiya, na hau bas da shi a cinya har Aldwych, na miƙa wa Baturiyar da ke kula da ɗakin ɗinki inda Mama Amparo take aiki, na ce ajiyarta ce. Matar ta leƙa ciki ta ce kai, abin sha'awa, a wane wasa aka yi amfani da ita? Ta ɗora kwalin a saman kantar ajiye kaya, tsakanin wani kambin takarda da kan zaki na roba. Na rubuta wa Mama Amparo na gaya mata inda kayanta yake da dalilina, ban ɓoye kome ba.

Sai jira.

Kada kowa ya ce muku da an yi addu'a tsoro yakan kwashe kayansa ya tafi. Na nemi a haɗa ni ta waya da gidan waya na babban gari, ko za a aika a kira Malam Bitrus. Sau biyu ana sokewa, wai layi ya lalace. Da safe in na tashi, hannuna da kansa yake neman kofin. Kowace rana ina sauka in duba tabarmar bakin ƙofa inda wasiƙu ke faɗowa, kowace rana in hau bene ina cewa, taka ce, na riga na faɗa, ba na janyewa. Wata rana na faɗa da bangaskiya, wata rana da taurin kai kawai. Ina tsammani Ubangiji ya karɓi duka biyun.

Kwana goma sha tara. Sannan wasiƙar Malam Bitrus ta faɗo, a shuɗiyar takarda.

Wanda ya san Malam Bitrus ya san yadda yake rubutu. Ya fara da gaisuwar dangi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi bayanin ruwan sama. Ya yi bayanin simintin da har yanzu bai iso ba. Ina tsaye a matakala ina bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, ina neman suna guda. Sai can ƙasa: "Ban so in tayar miki da hankali ba, shi ya sa ban rubuta a lokacin ba. A watan Agusta Tabita ta faɗo daga bishiyar gwaiba ta karye a hannun dama. An ɗora, ya warke sarai, jiya aka kwance."

Agusta. Watan da nake cika kofi safe da yamma. Watan tuffa. Watan da nake tari da hayaƙi har ƙirjina yana ciwo. Ina nan ina biya, yarinya tana can da karyayyen hannu. A kwanakin da na daina kuwa, ƙashi yana can yana haɗewa a hankali, ba tare da ya nemi izinin kowa a cikin kabad ba.

A gefen takardar, da fensir, da baƙaƙe masu karkata irin na hannun da ya daɗe a ɗaure, an rubuta: "Mama ina lafiya. Ki sayo mini jan takalmi."

Na zauna a matakalar na yi kuka, sannan na yi fushi sabo. Abin da ke tsakanina da Malam Bitrus a kan ɓoye mini da ya yi, wannan ba na takardar zumunta ba ne, kuma ya riga ya samu amsarsa, shafi huɗu.

Ina so ku fahimce ni daidai. Ba wasiƙar ce ta 'yantar da ni ba. An 'yantar da ni ran Asabar ɗin nan a durƙushe, tun ban san me ke cikin kowace takarda ba. Da ta zo da wani labarin, da yau ina rubuta muku da zuciya a tsage, amma da ban koma gaban kabad ba. Wasiƙar alheri ce a kan alheri, kuma ban cancanci ko ɗaya ba.

Mama Amparo ta amsa mini. Ba ta yi fushi ba, tsoro take ji domina, ta ce tana roƙon Siririya ta yi mini haƙuri. Wannan ya fi zagi ciwo. Shekara arba'in matar nan tana ɗaukar ruwa. Tana dawowa wata mai zuwa, kuma ɗakinta yana nan yana kallon nawa. Ku sa ta a addu'a da sunanta, ku roƙa mini bakin da zan yi mata magana da shi, domin nawa yana da kaifi.

Na kuma san ba ni kaɗai ba ce. Akwai waɗanda suka sauka daga jirgi da digiri a hannu da ƙunshin kaka a ƙasan akwati, wai don kada tsohuwa ta ji ba daɗi. Ba sai kun gaya mini ba. Ku tambayi kanku abu ɗaya: me kuke tsoron zai faru in kun jefar? Duk abin da ya riƙe ku da wannan tsoron, ba tsaron ku yake yi ba. Ku kai wa Yesu sunan wanda kuke tsoro dominsa, ku faɗe shi da ƙarfi, ko da faɗa ne. Yana iya ɗauka.

Na gode wa Allah Uba da bai yi fushi da fushina ba. Na gode wa Yesu da ya karɓi 'yata daga hannuna. Tabita tana can, teku yana nan, wasiƙa har yanzu mako biyu take yi. Ban san yadda ta kwana yau ba. Na san a hannun wa ta kwana.

Amin.